Na Hana Isufu Zuwa Zermu

Ni ne na yi kuskure. Ba lokotoro mai maganin Nasara ba ne, ba matar Isufu ba ce, ba kuma ruwan daminar da na daɗe ina ɗora wa laifi ba. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya wahala da neman mai laifi. Sunana Haru, wanzami ne ni a Birni, cikin Damagaram. Karatuna bai yi nisa ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

Isufu ɗan gwaggona ne, wato taubashina. A Zermu aka haife shi, aka kawo shi gidanmu yana yaro don ya koyi dukanci wajen wani maƙwabcinmu. Ɗaki ɗaya muka kwana har kowa ya yi aure. Tunda na san shi ban taɓa gaya masa magana ba tsiya a cikinta ba, shi ma haka. In ya hango ni da zabira a rataye sai ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ga mahaucin kawuna nan, kowa ya riƙe kunnensa." Ni kuma in ce, "Bawana, koma ka yi wanka, warin fata ya riga ka sallama." Haka muke, haka kuma iyayenmu suke jin daɗin ganinmu.

Uwarsa, Gwaggo Hajo, tana can Zermu. Isufu shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi in da mutane. In za ta tambayi lafiyarsa sai ta kau da kai ta ce, "Yaya wancan?" Duk wanda ya san kunyar ɗan fari ya san ba rashin so ba ne. Amma uwa irin wannan ba za ta ɗauki ƙafa ta zo gari duba ɗanta don an ce yana zazzaɓi ba. Sai an gaya mata cewa abin ya yi tsanani. Wannan ne ya ba ni hanyar yin abin da na yi.

Ciwon ya fara ne da kaka, shekarar da aka yi ƙuri'ar nan ta e da a'a zamanin mulkin Nasara, ana tsakiyar awon gyaɗa. Isufu ya ce haƙarƙarinsa na dama yana zafi kamar an ɗora masa garwashi, alhali ba a ganin komai. Na ce masa ragwanci ne. Bayan 'yan kwanaki sai ƙuraje masu ruwa suka feso, a jere, tun daga gadon baya suka biyo haƙarƙari suka nufo ƙirji. Ko riga ba ya iya sawa. Wasu suka ce hangara ce, ƙwaron nan mai sa bororo, ta yi masa fitsari. Amma tsofaffi da suka duba sai suka gane ta. A gidanmu ɗamara muke ce mata, kuma abin da muka taso muka ji shi ne, ranar da bakinta biyu suka zagayo suka haɗu, mai ita ya gama.

Hawwa, matar Isufu, ta zo tana kuka. Na ɗauki aska na je. Na taɓa ganin babana ya yi wannan aiki sau ɗaya, sai na yi yadda na gani. Na yi tsaga a tsaye a gefen ƙashin baya, na yi wata a tsakiyar ƙirji, na shafa toka da magani, wai na datse mata hanya gaba da baya. Isufu yana cije da bakin zane, da na gama ya tofar ya ce, "Allah ya isa. Ko fatar akuya ba a yi mata wannan yanka."

Ɗamara ta tsaya. Ta zo daidai tsagata ta tsaya cak, gaba da baya, kamar an ja mata linzami. Ƙurajen suka bushe, suka yi ɓawo, suka zube.

Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji bai da iyaka. Wanzaman da suka girme ni suka zo suna duba tabon. A bakin kasuwa ana nuna ni. Wanda a da sai dai a kira shi aski da kaciya, yanzu ga shi ana sallama da shi tun daga Mirya. Isufu da kansa ya zama mai yi mini shela. Ya ɗage riga ya nuna wa masu sayen takalma ya ce, "Kun ga mugun ɗinki ko? To, shi ya tsare ni a duniya."

Ba a yi wata biyu ba sai kaluluwa ta fito masa a wuya, gefen hagu, kamar ƙwallon goruba ƙarami. Ba zafi, ba ruwa. Wata ta biyo ta, wata ta fito a hammata. Ni na san kaluluwa, tana zuwa ne in da miki a kusa, in mikin ya warke ta baje. Wannan ba miki, kuma ba ta bajewa. Na ce sauran dafin ɗamara ne ya taru, na kafa masa ƙaho. Jini ya fita, kumburi bai motsa ba. Hawwa ta ce da safe sai ta matse zanen da ya kwana a kai, don gumi, alhali lokacin sanyi ne kowa yana neman wuta. Jikinsa ya kama ƙaiƙayi, yana susa har ya ji wa kansa ciwo. Tuwo kuwa loma biyu ya ce ya ƙoshi.

Daga nan masu shawara suka yi yawa. Wannan ya ce a dafa sabara ya yi surace. Wancan ya ce jifa ne daga wani baduku da ke baƙin cikin cinikinsa. Aka sha rubutu, aka yi turare, aka yanka zakara. Wata tsohuwa ta kawo saiwa daga Dakusa, ta sa shi gudawa har ya kasa tashi salla. Ba na zagin kowa a cikinsu, kowa da alheri ya zo, wasu ma da ƙwaryar fura ko ɗan goro a hannu. Amma tumakin Isufu a nan suka tafi ɗaya bayan ɗaya, sannan tasoshin ɗakin Hawwa suka bi su.

Hawwa ce ta fara cewa a je likita, wato gidan maganin Nasara da ke bayan ganuwa. Na ce mata, "Can ai sai wanda ya rasa mai yi masa." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya Haru, ba raina aikinka na yi ba. Amma zoben hannunsa ya fara faɗuwa da kansa." Sai na yarda.

Ranar farko mun zauna a gindin itacen bedi tun hantsi har azahar, layi bai zo kanmu ba. Rana ta biyu aka rubuta sunansa, aka ce mu dawo, lokotoro ya fita rangadi. Mutane kwance a ƙasa ko'ina, masu tari, masu miki, mata da yara a goye. Isufu ya dube su ya ce mini, "Kai, ashe kana da abokan ciniki da yawa haka?" Sai zuwa na uku muka shiga.

Lokotoron baƙar fata ne, mutumin ƙasashen bakin teku, ba ya jin Hausa, sai majo, babban mai jinya, yake yi masa tafinta. Ya lallatsa wuyan Isufu da hammatarsa, ya danna cikinsa ta gefen hagu ya daɗe a wurin. Ya ga tabon ƙurajen, ya ga tsagata. Ya sa aka ɗebi jini. Bayan mako muka koma, ya sake dubawa, sannan ya ce Isufu ya fita ya sha iska, ɗan'uwansa ya tsaya.

Ta bakin majo ya tambaye ni wa ya yi tsagar. Na ce ni ne, har ina ɗan gyara tsayuwa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce su sunan ciwon nan zona. Kalmar ta zauna mini har yau. Ya ce zona jijiya ɗaya take bi, ta gefe ɗaya, kuma in ta zo tsakiyar jiki nan take tsayawa, ko an tsaga ko ba a tsaga ba. Ya ce a ganinsu ƙwayar ƙarambau ce da mutum ya yi yana yaro, ba ta fita, kwanciya take yi a jiki shekara da shekaru, sai ta ga ƙarfin jiki ya faɗi ta farka. Ga tsoho ba abin mamaki ba ne. Amma in ta fito wa mai ƙuruciya kamar Isufu, sannan kaluluwa marar zafi ta biyo baya, to sau da yawa 'yar aike ce, mai aiken yana ciki. Ya ce mai aiken shi ne mugun ciwo na kaluluwa kanta, irin wanda yake yaɗuwa, kuma ya riga ya sauka cikin Isufu.

Na ce, "To, a yi masa allura."

Ya girgiza kai. Ya ce na'urar da ake ɗan rage ciwon da ita tana can Dakar, ita ma jinkirtawa take yi, ba warkarwa ba. Zai ba mu ƙwayar rage zazzaɓi da zafi. Sannan ya tambaya ko yana da iyaye. Na ce uwarsa tana Zermu, yini guda ne ga mai lafiya. Majo ya dube ni, ya faɗa mini da Hausar da ba ta da kwana: "Ya ce ka kai shi wajen uwarsa tun yana iya zama a kan jaki."

Na fito na tarar da Isufu a gindin bedi, Hawwa tana yi masa fifita. Ya ce, "Me baƙin Nasaran nan ya ce?"

Tsakanin ƙofar nan da bedin nan ba nisa, amma a nan na sayar da ɗan'uwana. Na ce, "Cewa ya yi wanda ya yi tsagar nan ya san aiki. Saura dafi kaɗan, a ci gaba da na gida."

Isufu ya yi dariya ya ce, "Shi ma ashe bai san komai ba."

Na sha tambayar kaina dalili. Da farko nakan ce tausayi ne, ban so in karya masa zuciya ba. Akwai wannan a ciki. Akwai kuma cewa bakina bai saba gaya masa magana mai nauyi ba, ban san ta inda ake farawa ba. Amma babban dalilin shi ne, in na faɗi rabin maganar lokotoro, sai na faɗi sauran rabin, cewa ɗamara da kanta ta tsaya. In kuma na kai shi Zermu, garin nan kaf zai san cewa wanda Haru ya warkar an mai da shi gida ya mutu.

Ciwon nan kuwa mayaudari ne, ya taya ni ƙarya. Zazzaɓi yakan kama shi kwana da kwanaki, sannan ya sake shi kamar ba a yi ba. In ya sake shi sai ya fito zaure, ya ɗauki basilla ya ɗan taɓa aiki, ya ci abinci. Ni kuma in ce, "Ka gani? Ƙahon jiya ne." Har ni kaina nakan fara yarda. In ya dawo kuma sai in ce sanyi ya shiga.

A irin wannan sauƙin ne ya fara maganar gida. Ya ce, "Haru, ina son in je in ga tsohuwa. Ina jin marmarin furarta." Na ce, "Da wannan wuyan kamar buhun albasa? Ka bari ya baje, kada ka tsorata ta." Bayan sati biyu ya sake cewa. Na ce zafin bazara ya yi yawa, a bari a yi ruwan fari hanya ta yi sanyi. Ranar nan jakin maƙwabcinmu yana ɗaure a ƙofar gida, ba abin da yake yi. Isufu yana iya hawansa. Na san yana iyawa.

Kowace Alhamis wani mai kawo gero kasuwa daga Zermu yakan biyo da saƙon Gwaggo. Saƙon ba ya sakewa: tana gaishe mu, kuma yaya wancan. Wani lokaci da ɗan ƙullin kuka ko daddawa. Ni nake tare shi a zaure. Nakan ce, "Ka ce mata da sauƙi, yana hannuna." Hawwa ta taɓa roƙona in bar ta ta aika a gaya wa tsohuwa gaskiyar yadda jikin yake. Na ce mata maganar dangi ce, ba ta suruka ba. Ita ke wanke shi, ita ke juya shi, ita ke tauna masa goro ta sa masa a baki don ɗacin da yake ji, amma na nuna mata ita bare ce. Allah ya saka mata, ni ban saka mata da komai ba.

Ruwan fari ya sauka, aka yi shuka. Zazzaɓin ya daina tafiya. Cikin Isufu ya kumbura, ƙafafunsa suka kumbura, sauran jikin kuwa ƙashi da fata. Kaluluwar wuya ta danne masa murya, numfashinsa yana fita da ƙara. Na koma likita na karɓo ƙwaya, majo ya tambaye ni ko mun kai shi gida. Na ce e.

Wata Juma'a da hantsi ya ce in yi masa aski. Hawwa ta jingina shi da bango a tsakar gida, na jiƙa kan, na fara. Kan ya zama ƙarami a hannuna.

Ya ce, "Wanzami, in za ka yanka ni ka yi bisimilla."

Na ce, "Rufe baki, bawa."

Na ci gaba har na gama gefe ɗaya. Sannan a hankali, don muryar ba ta fita sosai, ya ce, "Ran nan a likita, da magani ne a hannun mutumin nan, da ni zai gaya wa. Wanda aka fitar waje aka tsai da ɗan'uwansa, ai ya san abin da aka ce."

Aska ta tsaya a hannuna. Na ce, "To, me ya sa ba ka yi magana ba?"

Ya ce, "Na ce ko ka fi shi sani. Ba kai ka tsare ɗamara ba?"

Ba tsiya yake yi ba. Na duba fuskarsa ina neman tsiyar, ban samu ba. Nan ne ya kamata in faɗa masa komai. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sunkuya in gama." Ya sunkuya. Da na gama ya ce, "Haru, kai ni gida."

Washegari da sassafe na aro jakin. Muka yi masa shimfiɗa mai taushi, ni da maƙwabta biyu muka ɗauko Isufu muka ɗora shi. Bai iya riƙe kansa ba. Na hau bayansa na rungume shi, jakin ya yi 'yan taku, numfashinsa ya sarƙe, idonsa ya juye. Ko ƙarshen lungunmu ba mu kai ba. Muka sauke shi a kan yashi, muka mai da shi ɗaki a cikin tabarma.

Sai a ranar na aika Zermu cewa Gwaggo ta zo. An yi ruwa mai yawa, fadama ta cika, ɗan aiken ya kwana a hanya. Isufu ya yi kwana biyu yana kallon ƙofa. Ko tsohuwa mai tallan daddawa ce ta yi sallama sai ya motsa kai. Ya cika ranar Litinin da safe, kafin azahar an rufe shi. Gwaggo ta iso da la'asar, a kan jaki, da ƙwaryar fura ƙulle a zane.

Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta zauna aka yi mata gaisuwa, ta yi mini godiya a gaban kowa, ta ce ta ji irin wahalar da na sha. Masu zaman makoki suka ce ruwa ne ya hana ta riskarsa, haka Allah ya so. Na ce haka ne.

Wannan ma sai in faɗa: bayan rasuwarsa an kawo mini masu ɗamara har biyu, na yi musu tsaga, na karɓi abin da aka ba ni. Ta tsaya musu a tsakiya, kamar yadda lokotoro ya ce. A na biyun ne na ga hannuna ba zai ƙara ba. Tun daga nan duk wanda ya zo nakan ce masa ɗamara ba ta haɗuwa, aska ba ta da aiki a wurin. In mai ƙuruciya ne kuma, nakan lalubi wuyansa da hammatarsa, in na ji kaluluwa marar zafi in ce ya tafi likita yau, kada ya kwana. Ban san ko yanzu sun sami abin da ba su da shi a lokacinmu ba. Wani ɗan lokotoro da nake yi wa aski ya ce mini har yanzu ana bincike, wai ana zaton a cikin dangin ƙwayar nan akwai wadda ita ce ma take buɗe wa ciwon kaluluwa ƙofa. Wannan ya fi ƙarfin sanina. Abin da na sani shi ne, in an ce maka ka kai majinyaci gida, ka kai shi ranar, ka kuma gaya masa dalili. Ba wanda zai iya warkar da Isufu, na yarda. Amma kai shi Zermu, wannan jaki ma ya iya.

Sai da aka sami mulkin kai, kaka ta sake zagayowa, sannan na iya zuwa. Hawwa na fara nema a gidan iyayenta, na gaya mata. Ta ce ta daɗe da sani, ta juya ta shiga ɗaki. Ban ga laifinta ba. Daga nan na kama hanyar Zermu a ƙasa.

Na tarar da Gwaggo a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa fiye da shekara ɗayan da ta wuce. Muka gaisa, ta sa aka kawo mini ruwa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ina ta juya maganar a ciki na rasa bakinta. Ita ce ta fara magana, idonta a kan gyaɗar, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Haru, Isufu ya tambaye ni?"

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Na sauka daga kan tabarma na durƙusa a ƙasa. Na ce, "Gwaggo, ya tambaye ki tun yana tafiya da ƙafarsa. Ya ce in kawo shi, na hana. Lokotoro ya ce in kawo miki shi tun da sanyi, na ɓoye, don kada a ce aikina bai ci ba. Duk saƙon sauƙin da kika ji, ni na ƙaga shi. Ba ruwa ne ya raba ki da ɗanki ba, ni ne. Shi ban nemi gafararsa ba har ya tafi, na bar lokacin ya wuce. Ban zo don ki ce ba komai ba, Gwaggo, da komai. Don Allah ki yafe mini."